Saƙon Bado

Ni karen mota ne, aikina ƙirga kai,
ɗaure kaya a bisa, da yi wa mai nawa ihu.
Sau nawa na kawo masu ziyara Anuradapura,
ban taɓa tuɓe takalmi ba, sai gadin mota da gyangyaɗi.

Wannan karon daga tsaunukan shayi muka taso
tun zakara bai yi cara ba,
mutum talatin da biyu, kowa cikin farare,
da tukwanen shinkafa, da man kwakwa a kwalba,
da 'yar ganga mai hana Wimalasena barci a kan sitiyari.

A kujerar baya akwai Ukku Menike,
tsohuwa kamar tsinken tsintsiya, baki ja da taunar ganye.
Shekara goma sha ɗaya tana jefa kwabbai a gwangwanin madara
kafin kuɗin kujerar nan su cika.

Da hantsi na hango ta daga bakin ƙofa
a gindin bishiyar Bodi, mai ganyen da ba ya gajiya da rawa.
Ta kunna fitilar yumɓu a kan yashi,
ta kira sunan mijinta, Jinadasa, a hankali,
kamar mai tsoron tashin wanda ya samu barci.
Suka zaga farar ƙubba mai kama da kifaffiyar ƙwarya,
giwayen bango na jere a gindinta.

Rana ta karkata, sai Mihintale.
Matakala sun haura dubu, in ji masu hawa.
Ta taka ashirin, gwiwa ta ce ba da ita ba.
Ta zauna tana haki, ta miƙo mini furen bado,
shuɗi, da sauran ruwan bokitin mai talla a jikinsa:
"Ɗana, ara mini ƙafarka."
Na ce, Kaka, ban san abin da ake faɗa ba.
Ta ce, "Fure ya san saƙonsa, kai dai ɗauke shi."

Na tuɓe silifas. Dutse ya gasa mini tafi kamar tanda.
Ashe abin da suke sha ke nan,
waɗanda nake ce wa su yi sauri.
Ɗan zuhudu mai mayafi ruwan goro ya wuce ni,
da laimarsa, ko haki ba ya yi.

Saura ƙiris in kai, biri ya diro daga reshe,
ya fizge furen, ya ɗare kan katanga,
ya ɓare shi, ya cinye cikinsa yana kallona.
Kara ya bar mini, kore, yana ɗigar ruwa.

Haka na tsaya gaban farin Buda mai zaune,
da kara a hannu, kunya har wuya.
Furannin safe sun yi yaushi a teburin dutse,
wata mata na kwashe su cikin kwando.
Na ajiye karan a gefe, ban ce uffan ba.
Iska ta taso daga tafkuna.
Can ƙasa, motarmu kamar ƙwaro a bakin gona.

Ina saukowa ina saƙa ƙarya, na ɗaure ta tamau.
Na tarar ta ari tsintsiya tana sharar matakalarta ta ashirin.
"Ya isa?"
Ƙaryar ta maƙale. Na ce, biri ya ci.
Dariya ta kama ta har da riƙe ciki.
"Gara cikin mai yunwa da kwandon shara.
Kai fa, ka kai?"
Na ce, na kai.
Ta dubi bororon ƙafata,
ta tsiyaya mini ragowar man fitilarta.

Wimalasena na ta danna ham.
Na ƙirga kai, talatin da uku.
Na sake, talatin da uku.
Sai na ga yatsana a kan ƙirjina.

Mun kusa Dambulla, duhu ya rufa,
kafin na tuna silifas ɗina na gindin dutse.